Ɗigo Huɗu a Ƙarƙashin Koren Fenti

Ranar Alhamis ce. Ana idar da sallar asuba ɗana ya buga ƙofar gidanmu, kamar yadda ya saba, domin a tsakar gidanmu yake ajiye tirelarsa. Gidan da yake haya ba shi da fili. Ina kicin na ji ƙarar sarƙa, na ji yana tura ƙyauren gida da kafaɗa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Umma, akwai ruwan zafi ko in wuce?" Na ce akwai. A tsaye ya sha shayin. Babansa ya fito yana faɗan an taka masa shuka da taya, ɗan ya ce shukar ce ta shigo hanya.

Washegari ya rasu. Mutane sun ce gudu ne ya kashe shi, kuma yana da 'ya ƙarama da za ta girma ta ji ana faɗin haka. Shi ya sa zan faɗi abin da na gani a wannan rana, bi da bi.

Tirelar ba irin doguwar nan ba ce ta manyan hanyoyi. Ƙarama ce mai taya biyu, ta soja, wadda suka gama da ita aka yi gwanjonta. Ƙarfenta kauri gare shi, tayoyinta sun kai ƙugun mutum. Yakan ɗaura ta a bayan a-kori-kurarsa ya loda kujerun roba da rumfuna, ya kai wa masu taro haya. Sana'arsa ke nan. Matsalarta ɗaya, ba ta zo da safaya ba, kuma tayar motocin gari ba ta shiga wilinta. Ya daɗe yana yawon nema, sai a makon nan ya samu wadda ta dace. Ranar Alhamis ɗin ya ware don a yi mata mariƙi, wato ƙarfen da za a ɗaure ta a kai a jikin tirelar.

Da hantsi ya ja tirelar zuwa shagon kawunsa.

Kawun nasa ƙanena ne, autanmu. Mai walda ne. Mahaifiyarmu ta rasu yana ƙarami, a hannuna ya girma, ni na yi masa wanka, ni na kai shi koyon sana'a da ya ƙi makaranta. Har yau Auta nake ce masa, shi kuma Yaya.

Wajen azahar na biya ta shagon, a hanyata ta dawowa daga karɓo maganin babansu. Rumfar kwano ce, ƙasa baƙa ƙirin da tsatsa da mai, ƙyamaren ƙarfe jingine a bango. Na same su tsugune a gaban tirelar.

"A'a, Yaya da kanta," in ji Auta. "An zo duba aikinmu ke nan. A kawo wa 'yar boko kujera, kar ta ɓata zane."

"Ku ci gaba, ba zama zan yi ba."

"Kai Ƙusa, ɗaga da kyau mana. Hannu kamar na mai jego."

"Kawu, tayar nan ta fi ka nauyi fa. Kuma ta fi ka amfani, ita ko banza ba ta surutu."

"Ka ci albarkacin uwarka da ke tsaye, da yanzu na liƙe maka baki da walda."

Musu suke a kan inda za a kafa mariƙin. Auta yana son a baya, a jikin ƙofar tirelar, don ya fi sauƙin aiki. Ɗana ya ce a'a, in nauyi ya koma baya tirela takan riƙa kaɗa gindi a hanya kamar agwagwa. A gaba yake so, a jikin bangon da ke kallon mota, saman dogon ƙarfen da ake ɗaura ta da shi. Auta ya ce to, mai kaya shi ke da magana. Ya yanko farantin ƙarfe mai kauri wanda ya riga ya kafa wa notuna, ɗana ya danne shi a jikin bangon, shi kuma ya sauke gilashin fuska ya ɗiga walda a kusurwa huɗu. Ɗigo ne kawai, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Haka suke yi, a ɗiga don ƙarfe ya tsaya, a duba ko ya miƙe, sannan a bi gefensa duka da walda.

Yana gama ɗigo na huɗu aka ɗauke wuta. Janaretansa kuwa yana wajen gyara.

Auta ya zagi masu wutar, ya zaro alli daga bayan kunnensa ya ja babban gicciye a kan farantin. Dokar shagonsa ce, na san ta tun yana matashi. Duk ƙarfen da aka ɗiga ba a gama ba sai an yi masa gicciyen alli, kuma ba ya barin shago sai an goge allin da hannun wanda ya ƙarasa waldar. Yakan yi alfahari da wannan doka a gaban sauran masu walda.

"Da sun dawo da ita zan bi shi tsaf," ya ce. "Je ka, ka dawo da yamma."

Da la'asar ɗana ya ɗauko 'yarsa daga makaranta ya kawo mini ita, saboda matarsa tana wajen ɗinki. Ya kwanta a kan doguwar kujerar falo, yarinyar tana ja masa gemu, barci ya ɗan ɗauke shi bakinsa a buɗe. Da ya farka ya ci abin da ya rage a tukunya, ya fita.

Gab da magariba ya shigo da tirelar. Tayar tana ɗaure a gaba, mariƙin da bangon duka sun sha sabon koren fenti, irin na soja sak, har yana ƙyalli. Ya ce, "Umma, zo ki ga bazatar da Kawu ya yi mini. Shi ya haɗa kalar da kansa." Na taɓa, fentin ya ɗan kama mini yatsa. Na ce, "An gama?" Ya ce, "Kawu ya ce an gama." Ya loda kujeru da rumfuna, ya ɗaure da igiya, ya ja kowane ƙulli ya gwada. Ya ɗauki 'yarsa a kafaɗa, ya ce sai da safe.

Da safen Juma'a ya fita da kayan zuwa wani taro a bayan gari. Kafin hantsi ya yi aka kira babansa. An sami motar kife a cikin kwalbati, tirelar a gefe guda, kujeru warwatse a kan titi. Bai kai asibiti ba.

Ƙusa sunan da Auta ya raɗa masa ne tun yana rarrafe, wai siriri ne ga ƙaton kai. Sunan ya bi shi har makarantar gaba da sakandare, har matarsa in ta ji haushinsa da shi take kiransa. Yaro ne mai nawa. Komai nasa a hankali yake yi. In an aike shi sayen gishiri sai ya tsaya ya ga yadda mai faci ke cire taya daga wili, ya dawo miya ta riga ta nuna. Rabin ƙuruciyarsa a shagon kawunsa ya yi ta, yana kallo, yana tambaya. Mun so ya yi aikin ofis. Ya yi karatun, ya karɓi takarda, ya zaga da ita har ta fara yagewa a ninki, bai samu ba. Wata rana ya zo ya ce mana ya lura kullum ana taro a garin nan, kuma ba wanda ke zuwa taro da kujerarsa. Babansa ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa. Daga baya shi ne ke tallata shi a wurin abokansa.

Yakan wanke kujerun nan ɗaya bayan ɗaya da soso, ko da wanda ya yi haya ya ce ya wanke. Wadda ƙafarta ta tsage yakan ware ta, ba ya cusa ta a tsakiyar masu kyau. Ya ce wata tsohuwa ce za ta zauna a kai.

Tuƙinsa kuwa abin dariya ne a dangi. Ba mai son shiga motarsa in ana sauri. Matarsa ta taɓa ce masa ranar da naƙuda ta kama ta, "Don Allah sauke ni in taka da ƙafa, na fi ka sauri." Masu babur sukan wuce shi suna yi masa ihu, ya ɗaga musu hannu. Auta da kansa yakan ce in Ƙusa ya tashi tafiya ranar Asabar, a ɗora masa abincin Lahadi. Kowa ya san wannan. Ina so a riƙe cewa kowa ya san wannan.

A ƙarƙashin rumfunansa aka yi zaman makoki, a kan kujerun da suka rage a gida. Ina ciki tare da mata, amma tagar falo a buɗe take, ina jin maza. Wani ya ce jami'in da ya je wurin ya ce gudu ne. Wani ya ce ai hanyar nan in ba ka yi hankali ba. Sai mahaifin matarsa ya yi gyaran murya ya ce, "Yaran yanzu ke nan. Mutum da iyali, da ƙaramar yarinya, amma ya hau titi kamar ana korarsa. Ga shi ya bar mana marainiya." Aka yi ta cewa sai haƙuri, kwana ne ya ƙare.

Na ɗaga labule. Auta yana zaune a jere na gaba, idonsa jawur. Ya ji maganar. Na ga ya sunkuyar da kai, ya gyaɗa shi.

Surukata tana gefena. Ita ma ta ji. Ta janyo 'yarta ta rungume. Bayan kwana biyu na ji tana ce wa ƙanwarta a ɗaki, "Me yake sauri ya je ya yi? Me muka rasa?" Fushi take yi da shi, yana kabari.

Da aka watse na ce wa babansu ya kai ni inda aka ajiye tirelar. Ya ce me zan gani a can in ban da ƙarin baƙin ciki. Na tafi ni kaɗai. Wani fili ne a bayan ofishin jami'an hanya, cike da motocin da suka yi haɗari, ciyawa ta fito ta cikin wasu. Tirelar tana kwance a gefenta. Ba safaya a jikinta, an ce ba a gan ta a wurin ba, wataƙila wani ya mirgina ta gida tun kafin a ɗauke gawar. Mariƙin yana nan yana reto, kusurwa ɗaya ce ta riƙe shi, ita ma ta lanƙwashe.

Na yi aikin gwajin ruwa a ɗakin bincike har na yi ritaya, ban saba faɗin abin da ban duba ba. Na tsuguna na duba. A jikin bangon akwai tabo uku masu haske inda ƙarfe ya ɓalle, kowanne kamar ƙwayar wake. Na huɗu shi ne wanda ya rage. Gefen farantin kuwa sumul yake daga sama har ƙasa, wuta ba ta taɓa shi ba. Na sa makullin gida na kankare fentin a tsakiya. Fari ya fito a ƙarƙashin koren. Na leƙa cikin tirelar ta ƙasa, ga baƙin shafin roba tun daga gaba har kan ƙarfen da ke riƙe tayoyi. Tayar ta faɗo tsakanin mota da tirela, tirelar ta hau kanta. Kujerun roba ba su da nauyin da zai danne ta, sai ta yi sama ta juya, ta murɗe bayan motar. Ko tafiyar hawainiya yake yi, haka za ta faru.

Daga can shagon Auta na wuce. Yana yanka ƙarfe, ya kashe injin da ya gan ni.

"Yaya, da kin aiko na zo."

"Ka ƙarasa waldar nan?"

Ya kalli ƙasa.

"Auta, da kai nake."

"Wuta ba ta dawo da wuri ba," ya ce. "Na ce bari in yi fentin kafin nan, kar lokaci ya tafi a banza. Fenti ba ya son lantarki. Na ce in ta dawo sai in kankare gefen in bi shi."

"Ta dawo?"

"Ta dawo. Wani da nake yi wa ƙyaure ya zo ya tsaya a kaina. Da na ɗago na duba shago, ban ga alli ko ɗaya ba. Shekara da shekaru, Yaya, in ban ga alli ba na san an gama. Yaron ya zo, na ce masa an gama."

"Yaushe ka tuna?"

Ya ce, "Da aka kira ni."

Ban yi ihu ba. Na ce masa kuskuren hannu ne, kowa na iya yi, kuma da a ranar ya zo ya faɗa mini, da mun yi kukan tare. Abin da nake tambaya shi ne kan da ya gyaɗa. Shi da ya raɗa wa yaron suna, shi da ya fi kowa yi masa dariyar nawa, ya zauna a kan kujerar yaron ana ce masa mai ganganci, ya gyaɗa kai.

"Me kike so in yi? In tashi a gaban mutane in ce ni na kashe ɗan yayata? Wa zai sake kawo mini aiki? Ina da 'ya'ya, Yaya."

"Shi ma yana da."

"Ba zai dawo da shi ba."

"Ban ce ka tara gari ba. Matarsa za ka gaya wa, da mahaifinta. Mutum biyu."

"Ƙaddara ce, Yaya."

"Ƙaddara ce. Ita ta riƙe burushin?"

Ya kunna injinsa. Na tsaya har na ga ba zai kashe ba, na tafi.

A gida babansu ya saurare ni har ƙarshe, ya daɗe yana shafa gwiwa. Ya ce, "Kin rasa ɗa. Kina so ki rasa ƙane kuma? Ki bar wa Allah. Wanda ya tafi ba ya jin abin da ake faɗa." Na ce yarinyar tana ji. Ya ce yarinya ce, za ta manta. Na ce ba za a bar ta ta manta ba, duk ranar da ta yi rawar kai za a ce halin ubanta ne. Ya ce zumunci fa. Kowa zumunci yake tuna mini, kamar ɗana ba dangin kowa ba ne.

Na jira. Na ba Auta lokaci har surukata ta gama takaba. Yakan zo gidan, ya gaishe da babansu, ya kawo wa yarinyar alewa, ya kauce wa idona.

Ranar da aka zauna kan kayan mamacin, a falonmu aka yi. Akwai babansu, da surukata, da mahaifinta, da Auta. An riga an karɓo tirelar, tana tsakar gida. Ana cikin magana Auta ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi zai ɗauki nauyin tirelar. A bar masa ita ya kai shago ya gyara ta tsaf, a sayar a ajiye wa marainiya. Mahaifin surukata ya ce Allah ya yi albarka, ai kawu uba ne.

Na san abin da zai fara gyarawa.

Na ce, "Za ka ɗauka, Auta. Amma kafin nan mu fita tsakar gida, ka nuna wa matar ɗana mariƙin taya, ka gaya mata abin da ke jikinsa."

Babansu ya ce, "Haba, Hajiya."

"Auta, ka faɗa ko in faɗa?"

Ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah."

Sai na faɗa. Na faɗi ɗigo huɗun, da ɗauke wuta, da alli, da fenti, da abin da aka ce wa ɗana da yamma. Ban ƙara ba, ban rage ba, har da cewa bazata ya so yi masa. Sannan na juya wajen mahaifin surukata na ce, "Alhaji, ka ce ya hau titi kamar ana korarsa. Ka sha shiga motarsa. Ka taɓa isa wani wuri da wuri?"

Surukata ta tashi ta fita tsakar gida, muka bi ta da ido ta taga. Ta tsuguna a gaban tirelar, ta sa yatsa a kan tabon nan ɗaya bayan ɗaya, ta shafa gefen farantin. Ta daɗe a wurin. Da ta dawo a bakin ƙofa ta tsaya.

"Kawu, haka ne?"

Auta ya miƙe, ya nemi takalmansa, ya sa ɗaya daidai ɗaya a karkace. Ya ce, "Allah ya sani ban yi da gangan ba." Ya raɓa ta gefenta ya fita.

Ta ce, "Wata huɗu ina jin haushinsa." Daga nan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ban ga ta yi ba ranar jana'iza. Mahaifinta ya cire hula ya riƙe a hannu. Babansu bai yi mini magana ba har washegari.

Kayan kuwa ga yadda aka yi da su. Tufafinsa an raba wa 'ya'yan 'yan'uwa, sai rigar aikinsa mai tabon mai da matarsa ta ɗauke. Takalmansa ba su shigi kowa ba, ƙafarsa doguwa ce, aka kai masallaci. Wayarsa tana wurin babansa, yana cajinta, ban tambaye shi dalili ba. Motar ba ta gyaruwa, masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauka. Kujeru da rumfuna surukata ta ce a bar mata, za ta ci gaba da ba da haya, ta samu mai mota da ke kai mata. Tirelar an sayar wa wani manomi. Kafin ya zo ɗauka surukata ta ce, "Umma, a yanko mini ƙarfen nan." Na kira wani mai walda daga wata unguwa, ya yanko farantin haɗe da ɓangaren bangon da ke da tabon. Ta naɗe shi a tsohon zane ta ɗora a saman kabad, ta ce sai ranar da yarinyar ta yi tambaya.

Akwai akwatin sifanu da Auta ya ba ɗana lokacin da ya fara sana'a. Babansu ya ce ko a mayar masa, ko ba komai a samu hanyar da za a sake gaisawa. Na ce kayan marainiya ne. Auta bai aiko neman komai ba, ni ma ban aika masa da komai ba.